Saifar Gunya

Litinin, 12 ga Agusta 1974, bayan la'asar. Gusau.

Ruwa! Wai ruwa na yi musu.

Yanzu na dawo daga Tsafe, laka har gwiwa, ko takalmi ban cire ba. Dawakin Alhaji Lawali uku sun tafi a mako guda, kuma duk ukun da hannuna na yi musu allurar riga-kafi tun kafin damina ta kankama. Na ƙarshen na gan shi da idona kafin su ja shi bayan gari. Ramukan saman idanunsa sun cika sun kumbura, kumfa tana zuba ta hanci kamar an kaɗa sabulu a ƙwarya. Ciwon dawaki ne na damina, wanda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da almuru suke ɗauka daga wannan doki su kai wa wancan. Shi ne kuma ainihin ciwon da aka yi allurar dominsa.

Alhaji Lawali ko sallamata bai amsa ba. A gaban yaransa da masu awon hatsi ya ce, "Malamin dabbobi, hwaɗa muna gaskiya. Maganin gwamnati ina kak kai shi? Ruwan randa kas soka musu, ko na gulbi?"

Aka kwashe da dariya. Ni Mas'udu ɗan Malam Dalhatu, da nake goya filas ɗin allura a bayana bisa babur, nake bin inuwa don kada rana ta taɓa shi, yau ni ne mai allurar ruwa. Wallahi da ba don furfurarsa ba da na gaya masa abin da zai hana shi barci.

Matata Saude ta kawo abinci na ce ta ɗauke. Ta ce ai ba shinkafar ce ta zage ni ba. Ta ajiye ta fita.

Talata, da hantsi. Ofis.

Na kai wa Likita Idris maganar, shi da ke sama da ni. Yana saurarona yana goge tabarau, ya goge ya sake gogewa, har na yi zaton gilashin zai huje. Da na gama ya ce, "Abu mai sauƙi. Ka ce firji ne ya mutu kwana biyu, maganin ya lalace. Firji ba ya jin kunya, ba a kuma canza masa wurin aiki."

Firjin kananzir ɗin da ni nake gyara lagwaninsa safe da yamma, har ranar Sallah! Bai taɓa mutuwa ba. Na ce masa ba zan yi wa firji ƙazafi ba, balle kaina. Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin firjin. Na ba shi.

Laraba, da yamma.

Dawaki biyu sun faɗi a Tsafe, ɗaya a Mada. Duk na yi musu. Ba ruwa na yi musu ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci. Bungudu.

Na zo gida. Labari ya riga ni isowa, kamar kullum.

Na tarar da Baba a bakin turke yana ba Gunya dusa da kanwa a tafin hannunsa. Su biyu suka rage mana bayan farin nan da ya share dabbobi: Akawal, baƙin ingarma, da Gunya, goɗiya mai launin nono. Duk jinin goɗiyar da kakanmu ya zo da ita ne. Mutanen Bungudu da ƙauyukanta ba sa cewa dawakin Malam Dalhatu, "irin gidan Malam" suke cewa, kuma tun daga nesa ake jawo goɗiya a kawo wa Akawal. Baba zai lissafa maka uwar Gunya da uwar uwarta har can baya ba tare da ya haɗiye yawu ba, amma tambaye shi shekarar da aka haife ni, sai ya ce a tambayi yayarsa Gwaggo Tambaya.

Na daɗe ina lallashinsa kafin ya yarda allura ta taɓa su. Bana ya yarda. An gaya mini ɗazu a ƙofar masallaci Jatau dillalin dawaki ya fara zancen Tsafe, Baba ya katse shi ya ce, "Ɗana ba shi allurar ruwa. Na gidana ma shi yay yi musu. Ku zuba ido ku gani."

Ni bai gaya mini ba. Abin da ya ce da ni kawai, "Kai, riƙe min ƙwaryar ga." Dama "kai" ne sunana a bakinsa, don ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba.

Amma abin da ya faɗa a masallaci ya dame ni. Ya ɗora mutuncinsa a kan kwalbar da ni kaina ban san abin da ke damunta ba.

Lahadi, bayan azahar. Gusau.

Allah ya jefo mini Gambo. Tare muka yi makaranta, yanzu yana aiki a gidan binciken da ake haɗa allurar, can nesa. Bikin suna ya zo gidan ƙanwarsa. Na janye shi daga bakin tukunyar nama na zazzage masa komai.

Ya ce ƙwayar wannan ciwo ba guda ɗaya ba ce, iri tara aka sani a duniya. Sunansu ɗaya, abin da suke yi wa doki ɗaya, amma kowane iri da rigarsa. Ita allura, in ji shi, nuna wa jinin doki ɓarawo take yi tun bai hauro ba, to shi jini riga yake riƙewa, ba fuska ba. Wadda ke hannunmu an haɗa ta ne da irin da aka saba samu a ƙasar nan. In wani ya shigo da wata riga daban, sai jini ya ba shi hanya ya wuce.

Na ce daga ina wani iri zai fito? Ya ce ita ma ƙwayar haihuwa take yi, tana bar wa 'ya'yanta gado, gadon kuma ba kullum yake sauka daidai ba, yana ɗan sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, shi ya sa tun asali suka rarrabu. Ya kuma tuna mini tun bayan fari dillalai daga ko'ina suke jawo dawaki don cike turaku, wa ya san abin da ke cikin jininsu.

Sai da na ji kamar in rungume shi, sannan ya ce zato ne kawai. Ba za a sani ba sai an sami saifar dokin da aka yi wa allura kuma ya mutu, ɗanya, ba ta fara wari ba, a kai musu cikin ƙanƙara su gwada a kan fararen ɓerayensu. In wani iri ne, sai a haɗa allurar da ta dace da shi. Amma ba bana ba.

Saifa ɗaya. Ƙasar nan dawaki na ta faɗuwa, saifa ɗaya ai ba za ta gagara ba.

Talata, bayan la'asar.

Ta gagara.

Na ji wani doki ya faɗi a Tsafe da safe. Makullin firji na aljihun Likita, sai da na je kantin Hajiya Asabe mai lemo a bakin tashar jirgi na roƙi ƙanƙara. Na isa suna haƙa rami. A gidajen nan doki in ya faɗi rufe shi ake yi da gaggawa, ba a bari ko ungulu ta leƙa shi. Da na fito da wuƙa, mai kula da bargar ya sha gabana ya ce, "Doki ba akuya ba na. Kun kashe shi da ruwa, yanzu kuma kayan cikinai kuka so? Boka za ka kai ma?" Yara suka fara ɗibar tsakuwa.

Na dawo da filas cike da ruwan sanyi. Na tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi na shanye abina don takaici. Ga ruwa nan, tunda ruwa suke so.

Alhamis, da safe.

An ce ciwon ya shiga Bungudu. Gidan wani can bakin gulbi. Da nisa da gidanmu. Da nisa sosai.

Asabar.

Akawal. Ba zan rubuta komai yau ba.

Lahadi, da hantsi. Gusau.

To bari in rubuta, tunda duk duniya ta ji.

Kafin in isa jiya an riga an rufe shi a bayan garka. Zauren Baba ya cika da masu jaje kamar an yi rashin mutum. Na zauna daga ƙofa. Baba yana jan carbi, bai dube ni ba, amma bai kuma kau da kai ba. Sai Jatau, wanda bakinsa ba ya ganin wuri, ya gyara zama ya ce, "To Malam Mas'udu, ga na gidanku ma ya bi sahu. Shi ma ruwan anka yi mai?"

Raina ya ɓaci, maganar Gambo kuma tana cike da kaina. Na ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Laihin ba na allura ba na, na iri na! Irin na yas sauya, ba wanda kunka sani da ba na!"

Kowa ya zuba mini ido. Ni a raina ina cewa, yauwa, yau na rufe bakin Jatau. Sai na ga Baba ya ajiye carbi, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa ya shige cikin gida. Jatau ya riƙe haɓa yana cewa, "Allahu Akbar. Ɗan gida da bakinai."

Sai a lokacin ta faɗo mini. Ni irin cuta nake nufi. Su irin doki suka ji. A zauren ubana, ranar da aka rufe Akawal, a gaban mutanen da suka yi shekaru suna jawo goɗiyoyinsu gidanmu, na ce jinin dawakin gidan Malam ya gauraye.

Na tashi ina bayani, ina riga ina ɓeraye, ba wanda ya tsaya. Kowa na neman takalminsa yana sauri ya riga wani kai labari.

Waɗanne irin kunnuwa ne da mutanen nan? Ka yi musu magana ta ilimi su ɗauki gutsuren da ya yi musu daɗi su gudu da shi! Kuma kalmar me zan yi amfani da ita? Iri ake cewa. Na gero iri ne, na doki iri ne, na cuta ma iri ne. Ni na ƙirƙiro Hausar?

Litinin, bayan sallar asuba na koma Bungudu. Yanzu azahar.

Na durƙusa na gaida Baba. Ya amsa. Da ma bai amsa ba.

"Lahiya lau, Malam. Kun zo lahiya? Ina aikin gwamnati? A kawo musu ruwa, sun sha hanya."

Kun. Musu. Ni Baba yake ce wa "ku", kamar wani baƙon alkali ya sauka gidansa. Na ce, "Baba, ba abin da niy yi nuhi ke nan ba." Ya ce, "Ai ku kunka yi karatu, ku kunka san nuhi." Ya tashi ya tafi wajen Gunya.

Duk da haka na faɗa, ina kallon bango, cewa a riƙa shigar da ita ɗaki tun kafin almuru, a rufe, a yi hayaƙi a ƙofa saboda ƙwarin. Ko ya ji ko bai ji ba, oho.

Laraba, da yamma.

Likita ya ce ana maganata a sama, in fara tunanin ɗaure kayana. Na ce Allah ya kai mu. Har yanzu yana son in ce firji.

Ba ruwa, ba firji.

Alhamis, bayan la'asar.

Abin da aka yi yau ya fi zagin Alhaji Lawali ciwo.

Lokacin fari Baba ya ba abokinsa Malam Yari na Karakkai 'yar dukusa, ɗiyar Gunya da Akawal, kyauta, don shi yana da fadama. A lokacin Malam Yari har kuka ya yi don murna. Yau ya aiko da ita an jawo ta da igiyar rama, ko ragamar kirki babu, da saƙon wai ya gode, amma yana tsoron a gauraya masa iri. Kyauta! A mayar wa dattijo da kyautarsa tsakar rana, a bi da ita ta tsakiyar gari kowa na kallo, saboda maganar da Jatau ya ɗauka a leɓensa!

Wanda ya kawo mini labari ya ce Baba da kansa ya fito ya karɓe ta. Ya kwance igiyar ya miƙa wa ɗan aiken, ya ce a gaida Malam Yari.

Saude ta ce in je in ba Jatau haƙuri ya janye maganar. Na ce gara in sha kananzir ɗin firji. Ta ce makullin ma ba ya hannunka. Ita kuma nan ta ga wurin wasa.

Asabar, da hantsi. Bungudu.

Na shiga ta ƙofar baya wajen Gwaggo Tambaya. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Ga mai baki nan. Zamna. Mi kaka nuhi da wagga magana? In ka yi min Turanci in buge ka da hwaihwai."

Na yi mata bayani kamar yadda Gambo ya yi mini, da riga da ɓarawo da gado. Ta tsaya da tsintar ta ce, "Tsaya. Kana nuhin ita ma cutar tana da uwa da kaka, awa doki?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Kuma wagga da taz zo bana baƙuwa ta, ba ɗiyar gari ba?" Na ce haka nake zato, sai an ga saifa za a tabbatar. Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce ashe duniya ba wanda bai da dangi. Daga baya dariyar ta tsaya, ta ce, "Ka dai yi muna ɓarna, ɗan nan."

Na ce ta je ta gaya masa. Ta ce ashe ban san ubana ba, in aka gaya masa magana ba ya ɗauka, sai in shi ya tsince ta a ƙasa. Da ya fito alwalar azahar ina laɓe a ɗakinta, na ji ta tsaya kusa da shi tana yi wa akuyarta bayani da ƙarfi: "Ke kin ji, wai ashe cuta ma tana da iri? Wai tara ta. Wai shi wancan sakaran irin cuta shika nuhi, bakinai na yab ba shi kunya." Akuya ta ji karatun Gambo daga farko har ƙarshe, har da ɓeraye da saifa.

Baba ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Lahadi, da yamma.

Gwaggo ta aiko. Wai Baba ya sa an kwashe tarkacen da ke ɗakina na samartaka, ya shigar da 'yar dukusar, ana rufe ta tun la'asar sakaliya, da kaskon hayaƙi a ƙofa. Uwar ta ƙi shiga kowane ɗaki, ta fasa ƙyaure ɗaya, dole aka bar ta a rumfa.

Ɗakina. To, ko ba komai an sami mai amfani a cikinsa.

Talata.

Wai Gunya ta bar dusarta jiya. Ai doki yakan bar dusa. Zafi ake yi.

Laraba, da azahar. Bungudu.

Na sa mata ma'aunin zafi. Ba zan rubuta abin da ya nuna ba.

Baba yana tsaye yana kore mata ƙuda da gefen rawaninsa. Ya ce, "Malam, mi kunka gani?" Na ce a ba ta inuwa da ruwa, kada a motsa ta. Ya ce, "Wanga ai ko ni na san shi." Gaskiyarsa. Ba abin da ke cikin jakata da zai yi mata.

A kan uwarta na koyi hawa. Ita kuwa ranar da aka haife ta ni na ruga na gaya wa Baba a gona. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Alhamis, bayan la'asar. Gusau.

Yau na yi abin da ban san sunansa ba. Na biya kantin Hajiya Asabe na cika filas da ƙanƙara, na wasa wuƙa, na naɗe su a buhu na ɗaure bayan babur, na tafi gidan ubana. Gunya tana tsaye da ƙafafunta tana numfashi, ni kuma na zo da kayan fiɗa. Na jingine babur can gindin tsamiya, nesa da ƙofa, don kada a gani.

Saman idanun sun fara cika.

Wuni na yi ina zaune a rumfa. In ta ja numfashi in ce Allah ya tashe ta, in na tuna ƙanƙara tana narkewa a buhu sai in ji kunyar kaina ta rufe ni. Wane irin aiki ne wannan da zai sa mutum ya zauna yana gadin mutuwa a gidansu? Su Likita suna can ƙarƙashin fanka, su Jatau suna can suna cin goro da sunana, ni aka bar wa wannan.

Da zan tafi na tarar da Baba tsaye a gindin tsamiya. Ruwa na ɗiga daga buhun yana jiƙa ƙasa. Ya dubi ɗigon, ya dube ni, ya ce, "Kayanku na zuba, Malam." Na rasa inda zan sa fuskata.

Juma'a, da safe.

Hajiya Asabe ta ce ko na buɗe kantin lemo ne a Bungudu. Ta dai cika mini. Zan koma.

Juma'a, da yamma.

Gunya tana nan. Ƙanƙarar ta narke kuma.

Asabar, bayan magariba. Gusau.

Gara in rubuta tun abin yana sabo.

Na isa da hantsi da sabuwar ƙanƙara. Tun daga ƙofa na ji shirun gidan. Gunya ta kwanta tun fitowar rana, ta cika ina kan hanya, jikinta da ɗumi. Maƙwabta sun taru, an fito da diga da shebur, Jatau ma yana nan da hannu a baya, yana jiran abin da zai kai kasuwa. Na tsaya daga nesa. Ban kwance buhuna ba. Na riga na yanke a raina ba zan roƙa ba, in za a kore ni daga aiki a kore ni, in za a ce ruwa har in mutu a ce.

Baba ya miƙe daga inda yake tsugune. Ya ce wa mutane ya gode, amma kowa ya ɗan fita waje, gida zai yi magana da gida. Jatau ya yi kamar ba da shi ake ba, Gwaggo ta ɗauko tsintsiya ta fara shara daidai ƙafafunsa har ya kai zaure. Ta sa sakata.

A ɗakina 'yar dukusar tana ta haniniya tana dukan ƙyaure. Baba ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Allurar da za su yi da abin ga, ta kama waccan?"

Na ce, "In wani iri na, ta kama ta, Baba. In ta kai baɗi."

Ya ce, "Ta kai, in Allah ya so."

Ya warware rawaninsa gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi a tsakar gida ba, ya rufe mata fuska da shi. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa. Ya ce, "Tahi ka ɗauko kayanka gindin tsamiya. Wuƙar taka tana da kaihi? Kada ka ja mata rai."

Ita da ta riga ta tafi.

Na yanka ta gefen hagu, bayan haƙarƙari, ɗan wuri kaɗan. Na ciro abin da nake bukata na sa a kwalba, kwalba cikin ƙanƙara. Bai kalli hannuna ba ko sau ɗaya, yana ta shafa wuyanta. Da na gama ya ce in ɗinke, ba za a rufe ta a buɗe ba. Gwaggo ta kawo basilla da zare, na ɗinke da kyau kamar mai ɗinkin sirdi, na wanke wurin, na kwantar da gashin a kai. Wanda bai sani ba ba zai gane ba.

Ina ɗaure filas a bayana ya biyo ni har zaure, kansa ba rawani, ya ce, "In ka kai musu, ka hwaɗa musu ɗiyar Bidi ta, jikar Hurde. Su san da wa suka aiki. Kai, tahi, tana narkewa."

Na tayar da babur na kama hanyar Gusau ina lissafin jirgi, ina lissafin wanda zai karɓa a Zariya ya miƙa wa Gambo. Na sami jirgin, filas ya tafi. Abin da ɓeraye za su ce ban sani ba. Ko su ce sabon iri ne, ko su ce wani abu daban, Likita kuma yana nan da makullinsa.

Amma ba wannan nake son rubutawa ba. Sai da na baro Bungudu da nisa, ina tsakiyar gonakin dawa, sannan na ji abin da ya ce. Ba ɗiyar Bidi ba, na bayan. Na taka birki na tsaya gefen hanya, babur ya mutu, ƙanƙara tana narkewa a gadon bayana, na yi ta dukan kik ina kasa ganin hanya.

"Kai" ya ce.